Kwamfuta Biyu da Sandar Gora

Kwamfutocin nan biyu sun shigo gidanmu ne a bayan a-kori-kura, lulluɓe da tsohon bargo, a shekarar da aka rufe ofishin aikin gona inda mijina yake aiki. Shi ne mai kula da ɗakin rediyo a ofishin. Kullum da safe yakan zauna gaban na'ura ya kira ƙananan ofisoshinsu na Mashegu da Kumbashi da Dukku, ya ji ko an yi ruwa, ko taki ya isa, ko wata mota ta maƙale a hanya. Daga baya aka kawo musu wasu ƙananan akwatuna da ake jona wa kwamfuta, rubutu ya tashi ta iska ya sauka a wata kwamfutar can nesa. Ba su daɗe da fara amfani da su ba aikin ya mutu. Da aka yi gwanjon kayan ofis, wasu suka ɗebi kujeru da fankoki da firij, shi kuwa ya dawo mana da kwamfuta biyu da firinta da akwatunan nan guda biyu, da kwali cike da wayoyi. Na tambaye shi me za mu yi da su.

Ya ce, "Akawu, ke fa kin iya tafireta. Wannan ma ita ce, sai dai ba ta cika wa mutum kunne."

Akawu yake ce mini tun kafin aure, saboda a sakatariya ya fara ganina ina buga takardu.

Ba a yi wata huɗu ba ya yi haɗari. Ya tafi Mashegu a babur don ya duba wata gonar doya, a hanyar dawowa gefen titi ya zabtare da shi, ya faɗa kwazazzabo, babur ɗin ya danne shi. Masu kai doya kasuwa ne suka tsince shi. Mun kwanta a asibiti nan Kontagora, aka tura mu gaba, aka dawo da mu, aka kawo mai ɗori daga ƙauye shi ma ya yi nasa. Daga ƙarshe dai abin da likitan farko ya faɗa mini a baranda shi ya tabbata: ƙashin baya ya taɓu, daga ƙugu zuwa ƙasa ba zai ƙara motsi ba. Bai kai shekara arba'in ba a lokacin. 'Ya'yanmu biyu, duk mata, babbar tana aji uku na firamare.

Gidanmu dogo ne irin na cikin gari. Akwai shago ɗaya a jikin zaure yana kallon titi, sai zauren, sai wani soro, sai tsakar gida, ɗakinsa kuma yana can ƙurya kusa da rijiya. Na share shagon na kai kwamfuta ɗaya da firinta, na fara buga wa mutane takardu: wasiƙar neman aiki, takardar koke, yarjejeniyar sayen fili, katin biki, tambayoyin jarrabawar makarantu. Matsalata ita ce Turanci. Ni na iya buga abin da aka rubuto mini, amma yawancin masu zuwa da baki suke faɗin abin da suke so, su ce in gyara. Mijina ne mai Turancin. Kafinta ya yi masa wani teburi mai gajerun ƙafafu da ke hawa kan gado, muka ɗora masa ɗaya kwamfutar a gefe. Sai in buga abin da na iya, in zuba a faifai, in ruga ciki in ba shi ya gyara, in dawo in fitar a firinta. Wata rana in yi wannan zirga-zirgar sau ashirin. Faifan kuma ba su da amana, sai ka kai ka saka kwamfuta ta ce ba ta san shi ba.

Wata rana na shiga da sauri na miƙa masa faifai, ina tsaye ina jira, ƙafata ɗaya a waje. Bai karɓa ba. Ya dube ni ya ce, "Kin san yadda kike shigowa ɗakin nan? Kamar mai kai wa ɗan kurkuku abinci."

Na ce, "Malam, mutum na bari a shago."

Ya ce, "Na sani. Ba laifinki nake gani ba. Zan haɗa su su riƙa magana da juna, ki huta da gudu, ni ma in huta da ganin kina gudu."

Wanda ya zama ƙafafunsa a wannan aiki tsohon abokin aikinsa ne, mutumin Dukku, Kirista, wanda shi ke hawa sama ya ɗaura musu eriya lokacin da ofis yake raye. Bayan an sallame su ya kafa teburin gyaran rediyo da talabijin kusa da tasha. Dogo ne siriri, Hausarsa da karin harshen mutanensu, Oga yake ce wa mijina, ni kuma Madam. Duk Asabar yana gidanmu, ran Lahadi ma in ya taso daga coci yakan biyo da rigarsa ta fita kunya, ya cire ya rataye a ƙofa ya kama aiki.

Da waya suka fara. Suka jojjona guntayen da ke cikin kwalin nan, suka bi da ita jikin katanga tun daga shago har ƙurya. Ta yi tsawo da yawa. Abin da mijina ya turo sai ya iso mini a rikice, haruffa da alamomin da ban taɓa gani ba. Suna cikin neman dabara ɓeraye suka cinye ta a wuri biyu cikin soro. Mijina ya ce a bar waya, a koma wa akwatunan rediyon.

Mutumin Dukku ya samo doguwar sandar gora, ya ɗaure ta a kan rufin shago da eriya a samanta, ya kafa wata ƙarama a bakin tagar ɗakin mijina. Wutar lantarki ba ta da tabbas, sai suka samo tsohon batirin mota don akwatunan. Daga nan muka shiga makonnin da har yanzu in na tuna su nakan ji gajiya a ƙafafuna. Ni ina shago ina kallon fuskar kwamfuta, shi mutumin Dukku yana kan rufi yana juya gora, mijina yana kwance yana danna madannai.

"Oga, ya zo?"

"Tambayi Akawu!"

"Madam, ya zo?"

"Bai zo ba!"

Haka za mu wuni. Akwatin ya yi ta wani kuka kamar gyare, fitilarsa ja ta ƙyafta, ba komai. In wuta ta ɗauke, kwamfutocin su mutu, a koma farko. Masu kawo aiki su gaji da jira su tafi. Mijina, wanda tun da muka yi aure ban taɓa jin ya ɗaga mini murya ba, ya fara faɗa a kan abin da bai kai ya kawo ba. Akwai ranar da ya yi jifa da sukudireba ta bugi ƙofa, ƙaramar 'yarmu tana tsaye a wurin da kwanon kununsa. Tun daga ranar ba ta ƙara shiga ɗakin ita kaɗai ba. Ni a raina na riga na fid da rai da aikin, amma ban ce a daina ba, don na lura ranar da ba a taɓa akwatunan ba ko abinci ba ya ci.

Ana nan sai maƙwabcinmu ya yi sallama, ya ce shi fa duk lokacin da muka kunna abin nan namu, talabijin ɗinsa sai ya cika da layuka, yana wani ƙara. Na ba shi haƙuri. Da na faɗa wa mijina, na zaci zai damu da ɓacin ran maƙwabci, sai na ga fuskarsa ta washe.

Ya ce, "Ashe yana fita. Saura ya shiga inda aka aike shi." Can kuma ya ce, "Amma abin da ya shiga gidan maƙwabci zai shiga kunnen duk wanda yake da akwati irin wannan. Ba ni kaɗai na saya a gwanjon nan ba."

Na ce, "Malam, wa zai zauna a Kontagora yana sauraren wasiƙar neman aiki?"

Ya ce, "Jiya me kika kawo mini? Koken matar nan da 'yan uwan mijinta suka hana ta gida. Shekaranjiya jarrabawar 'yan aji shida. Mutane sun ba ki sirrinsu cikin ɗaki, ba za mu watsa shi a iska ba."

Sai ya ajiye maganar eriya, ya ɗauko wani littafi mai kauri wanda bangonsa ya cire, ya yi mako biyu yana rubuta abin da ya kira kwaɗo. Yadda ya bayyana mini shi ne, kafin rubutu ya bar kwamfutarsa za a cakuɗa haruffan, duk wanda ya kama a hanya shirme zai gani, sai kwamfutar da aka ba mabuɗi ce za ta mayar da su daidai. Mabuɗin kalma ce guda. Ya ce duk Juma'a za a sake ta, kuma ba za a rubuta ta a takarda ba, da baki zai faɗa mini.

Mutumin Dukku bai so abin ba. Ya ce, "Oga, zamanin soja ne fa. A ofis muna da takardar izini. Nan ba mu da ita. Ga gora a sama kowa yana gani."

Mijina ya ce, "Mutumina, daga ɗakina zuwa zaurena? Wannan ma sai na nemi izini?"

Ranar da abin ya yi, babu kowa sai mu biyu. Da hantsi ne, ina buga katin suna, sai na ga wani layi ya fara fitowa a ƙasan fuskar kwamfuta, harafi bayan harafi, a hankali kamar ana tunanin kowane ɗaya: Akawu, kin gani? Na zauna ina kallo. Na buga: Na gani. Ban gama ɗaga yatsa ba na jiyo muryarsa tun daga ƙuryar gida yana kabbara.

Gaskiyar da ban taɓa faɗa masa ba ita ce, abin ba shi da sauri. Kafin shafi ɗaya ya je ya dawo, da na kai faifai da ƙafa sau uku. Amma na zauna na jira. Masu kawo aiki ma suka saba, wasu har kujera suke ja su kalli rubutu yana zuwa ba hannun kowa. Mijina ya sa aka kira wanzami ya yi masa aski. Ya ce a ɗauko masa hularsa, da safe sai ya sa ta kafin ya kunna kwamfuta, kamar mai zuwa ofis. Ran Juma'a in na kai masa ruwan alwala sai ya ce in matso, ya raɗa mini sabon mabuɗi. Kalmomin ban dariya yake zaɓa, sunan miya, ko wata kalmar Kambari da ya tsinta a wurin aiki. Wajen mako bakwai muka yi a haka, kuma su ne kwanaki mafi sauƙi da muka samu tun bayan haɗarin.

Sai dai ya fara turo abin da ba aiki ba. Abin da ba ya iya faɗa in ina tsaye a kansa, sai ya rubuto. Ta nan na san cewa ciwon da ke bayansa saboda kwanciya ya fi yadda yake nuna mini. Ta nan ya gaya mini yana jin kunyar yadda nake ɗaga shi ina wanke shi. Wata ranar Laraba bayan azahar, shago ba kowa, sai ga rubutu ya fara zuwa. Ya ce ya yi tunani sosai. Ya ce shekaruna talatin da ɗaya, kuma shi ba zai tashi ba, ni ma na sani. Ya ce in ina so ya sauwaƙe mini, zai yi ba tare da ya riƙe ni da komai ba, kwamfuta da shago nawa ne, shi ƙanensa zai ɗauke shi. Saboda rashin saurin abin, sai da na zauna na kalli maganar nan tana fitowa harafi-harafi, na gane inda ta dosa tun ba ta kai rabi ba, kuma ba yadda zan yi in katse shi.

Ban ba shi amsa a kwamfuta ba. Na rufe shago na shiga. Yana jin tafiyata ya juya fuska bango.

Na ce, "Malam, dube ni ka faɗa da bakinka."

Bai juyo ba.

Na ce, "Wata biyu mutum yana hawa rufi a rana, don ka sami hanyar gaya mini wannan?"

Ya ce, "Tausayinki nake ji."

Na ce, "To riƙe abinka. Ban ce ina so ba."

Na zauna bakin gadon har aka kira la'asar. Ban tafi ba, kuma bai sake tayar da maganar ba, amma ban ce ya yarda da ni ba. Ina ganin ya ɗauka haƙuri kawai nake yi.

Bayan haka da kamar kwana goma mutane biyu suka zo shago cikin fararen kaya, suka nuna mini katin shaidar jami'an tsaro. Suka ce an kai rahoton cewa ana aika saƙo ta rediyo daga gidan nan. Har yau ban san wanda ya kai ba, kuma na daina zargin maƙwabcina, don shi ya fara zuwa jaje. Na yi musu bayani, na kai su har ɗakin mijina don su gani da idonsu. Babban cikinsu, mai furfura a gemu, da ya ga halin da yake ciki ya sassauta murya, har ya yi masa sannu. Ya ce a nuna masa abin da ake aikawa. Mijina, da yake yana alfahari da aikinsa, sai ya nuna masa duka biyu: rubutun yadda yake, da yadda yake komawa in ya bi ta kwaɗo. Mutumin ya daɗe yana kallon cakuɗaɗɗun haruffan nan.

Ya ce, "Malam, in ba abin ɓoyewa, me ya kawo kullewa?"

Mijina ya ce, "Ranka ya daɗe, takardun mutane ne."

"Waɗanne mutane?"

"Masu kawo aiki. Ga mabuɗin, zan faɗa maka yanzu, ka buɗe duk abin da kake so."

Ya ce, "Wanda ka ba ni zan buɗe. Wanda ba ka ba ni ba fa?"

Suka ce za su tafi da kayan a duba, in ba komai za a dawo da su. Suka cire akwatunan biyu, suka ɗauke kwamfutar da ke gefen gadonsa. Tawa ma sun so ɗauka, na ce da ita muke ci, mai furfurar ya ce a bar mini. Suka sa aka sauke gorar. Da suka tambayi wanda ya ɗaura ta, mijina ya ce shi ne. Ƙaramin ya dubi ƙafafunsa ya yi dariya. A ranar suka je tasha suka tafi da mutumin Dukku.

Kwana biyar ya yi a hannunsu. Da aka sake shi ya zo ya tsaya a zaure, bai shiga ba. Ya ce, "Madam, ki gaishe da Oga. Ki ce masa ba komai. Zan koma gida in yi noma, garin ya ishe ni." Na ce ya shiga ko minti ɗaya ne. Ya ce in ya shiga, Oga zai ba shi haƙuri, shi kuma ba zai iya ji ba. Ya tafi, ba mu sake ganinsa ba.

Na yi ta zuwa ofishin mutanen da suka ɗauke kayan. Yau a ce mai sa hannu ya tafi Minna, gobe a ce an tura kayan gaba, jibi a ce in rubuto takarda. Na rubuta har uku, mijina yana faɗa ina bugawa, da Turancinsa mai kyau. Daga baya ya ce in daina zuwa. Na ce to in kawo masa kwamfutar shago da yamma ya riƙa taɓawa. Ya ce a'a. Na koma shiga da takarda da biro don ya gyara mini Turanci, ya yi na ɗan lokaci, sannan ya fara cewa idonsa yana ciwo, in buga yadda na iya. Masu kawo aikin Turanci suka koma wani shago da aka buɗe kusa da kasuwa. Teburin nan mai gajerun ƙafafu ya ce a fitar masa da shi daga ɗaki.

Ciwon bayansa ya ci gaba da ci. Muna wankewa, muna sa magani, muna juya shi, amma shi kansa ya daina taimaka mana. In na ce ya riƙe wuyana in ɗaga shi, sai hannuwansa su saki. Ya rasu a tsakiyar daminar da ta biyo baya, da safe, ina shanya zanin gadonsa a tsakar gida. Babbar 'yarmu ce ta fito ta ce Baba ba ya amsawa.

Bayan na fita takaba, mulki ya riga ya koma hannun farar hula. Wani ɗan uwana da ya san wani a ofishin ya ce ana mayar wa mutane kayansu, in je. Na je. Mutanen da na sani duk an canza su. Wani saurayi mai ladabi ya kai ni wani ɗaki a baya, ya buɗe, ya ce, "Hajiya, duba ko za ki gane naku." Rufin ɗakin yana yoyo. An jibge rediyoyi da kekuna da tayoyin mota da tarin takardu da suka manne da juna. Na gane kwamfutarsa da wani tabon fenti a gefenta. An buɗe bayanta, cikin wayam, sai gidan zanzaro a kusurwa. Akwatunan ban gan su ba.

Saurayin ya ce in sa hannu in ɗauka. Na tambaye shi ko an taɓa dubawa, ko an sami wani abu a ciki. Ya buɗe wani fayil ya juya shafi biyu, ya ce shi bai ga an rubuta komai ba.

Na ce masa ya bar ta a nan. Na fito na tari babur, don an kusa tashin yara daga makaranta, kuma ban ɗora girki ba.